Motar da ta riga sauti da mutanen da suka tsince mata tsakuwa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a jami'a ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi inda duniya ta kai." Faifan bidiyo ne na wata baƙar mota mai kama da jirgin yaƙin da aka datse wa fukafukai, tana keta wani shimfiɗaɗɗen fili wanda ido ba ya ganin iyakarsa, ƙura ta turnuƙe a bayanta kamar hadarin farkon damina. Na ce masa ai tun ba a haife shi ba duniya ta kai nan, domin abin da yake nuna mini ya faru ne a 1997. Muka yi dariya. Amma a tsakiyar faifan akwai wani ɗan wuri da ya sa yatsa zai tsallake, sai na riƙe hannunsa. Wasu mutane ne, maza da mata, sun jeru cikin rana kawunansu a sunkuye, suna takawa sannu a hankali suna tsintar wani abu daga ƙasa. Na tambaye shi su wane ne waɗannan. Ya ce, "Kawu, ai masu share hanya ne kawai."

Wannan "kawai" ɗin ita ce ta hana ni sakat, ita ce kuma dalilin da ya sa filin namu na wannan mako ya ajiye siyasa da tsadar kayan masarufi ya nufi wata hamada mai nisa.

Sunan motar ThrustSSC, kuma mutanen Ingila ne suka ƙera ta. Ranar 15 ga Oktoba, 1997, a hamadar Black Rock da ke jihar Nevada ta Amurka, wani matuƙin jirgin yaƙi na rundunar sojin saman Birtaniya mai suna Andy Green ya tuƙa ta da gudun mil 763.035 a awa ɗaya, wato kilomita 1,228 ba kaɗan. Ita ce mota ta farko da aka tabbatar a hukumance ta fi sauti gudu alhali ƙafafunta na kan ƙasa, shekara 50 da kwana ɗaya cif bayan da Ba'amurke Chuck Yeager ya yi haka a sararin sama. Har yau da nake wannan rubutu ba a sami wadda ta kamo ta ba. Domin mai karatu ya kwatanta a ransa: tana cinye mil ɗaya kafin sakan 5 ya cika, kuma da za ta iya riƙe wannan gudu a hanyar Kano zuwa Kaduna, da ta isa kafin minti 12.

Tsawonta mita 16.5 ne, faɗinta mita 3.7, nauyinta ya haura tan 10. A gefe da gefenta an ɗaura injinan jet guda biyu ƙirar Rolls-Royce Spey, irin waɗanda ke cikin jiragen yaƙin Birtaniya samfurin Phantom. Ƙarfinsu a haɗe ya wuce na doki dubu 100, suna kuma zuƙar mai kimanin lita 18 a kowane sakan, wato jarka mai lita 25 ba ta kai sakan biyu. Ƙafafunta ba su da roba, domin babu robar da za ta jure; faya-fayai ne na alminiyam zalla masu juyawa sama da sau 8,000 a minti.

Akwai wata ƙa'ida da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kanta. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ba ta karɓar gudu ɗaya. Dole motar ta bi ta kan mil ɗaya da aka auna, sannan a juyo da ita ta sake bi ta kansa ta ɗaya ɓangaren, kuma duka biyun su kasance cikin awa ɗaya. Matsakaicin gudun biyu shi ake rubutawa. An yi haka ne don kada iska ko gangare su taimaki kowa.

Wanda ya haɗa wannan aiki shi ne Richard Noble, kuma ba injiniya ba ne, ba kuma attajiri ba. Ɗan kasuwa ne da ya yi aikin tallata kayan kamfani. Yana ɗan shekara 6 ya ga jirgin ruwan gudu na John Cobb a tafkin Loch Ness a 1952, abin ya shiga ransa bai sake fita ba. Motarsa ta farko, wadda ya harhaɗa da kansa, ta wuntsila da shi a 1977, ya sayar da gawarta ga masu gwangwan a kan fam 175, kuma da wannan kuɗi ya soma ta biyu. Ita ce Thrust2, wadda ya tuƙa da kansa a wannan hamada ta Black Rock ranar 4 ga Oktoba, 1983, ya kafa tarihi da mil 633.468. Baiwar Noble ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: ya iya roƙo ba tare da ya zubar da girma ba. Idan kamfani ya ce ba shi da kuɗin bayarwa, sai ya nemi ƙarfe, ko fenti, ko aron injiniya na wata guda, ko kusurwar rumfa da zai ajiye kaya.

A farkon shekarun 1990 aka shiga rige-rigen wanda zai fara wuce sauti a ƙasa. Craig Breedlove na Amurka, wanda shi ne mutum na farko da ya haura mil 500 da 600, ya soma haɗa sabuwar mota. Kamfanin McLaren, gagarabadau a tseren motoci, mai kuɗi da ƙwararrun ma'aikata da kayan aiki na zamani, shi ma ya shelanta a 1993 cewa zai ƙera tasa mai suna Maverick. Ta McLaren ba ta taɓa taka ƙasa ba. Wadda ta isa ita ce ta mutumin da ba shi da ko ɗaya daga cikin abubuwan da McLaren ke da su.

Wanda ya fi burge ni a labarin nan wani dattijo ne, Ron Ayers. An haife shi a 1932, ya ƙware a ilimin yadda iska ke bi ta jikin abin da ke gudu, har ya zama jagora a wannan fanni wajen ƙera wani makami mai linzami na Birtaniya da ake kira Bloodhound. Bayan ya yi ritaya, maimakon ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai ya riƙa zuwa gidan adana kayan tarihi na Brooklands yana aikin sa kai a cikin tsofaffin takardu. A can ya ci karo da rahotannin gwajin iska da aka yi wa motocin gudu na zamanin da, ya kuma lura cewa abin da lissafi ya ce za su yi ya sha bamban da abin da suka yi a zahiri. Babu wanda ya sa shi neman dalili, babu kuma wanda zai biya shi idan ya gano. Bin diddigin wannan tambaya ne ya kai shi ga haɗuwa da Noble a 1992. Da aka kawo masa maganar mota mai wuce sauti, da farko ya ɗauke ta a matsayin gangancin da zai iya halaka mutum.

Yana da hujja. Idan abu ya kusanci gudun sauti, iskar da ke gabansa ba ta samun zarafin kaucewa, sai ta dunƙule ta zama wani bango na matsi da ke tafiya tare da shi. Jirgin sama yana da sarari a ƙarƙashinsa inda wannan matsi zai baje. Mota kuwa tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce taƙi ba, don haka matsin zai daki ƙasa ya dawo mata. Idan hancinta ya ɗaga ko da ƙanƙani ne, za ta tashi sama ta yi adungure. Idan ya duƙa, za ta shiga ƙasa kamar garma. A lokacin babu wani ɗakin gwajin iska da zai iya kwaikwayon wannan yanayi yadda ya kamata. Sai Ayers ya bi hanyoyi biyu da ba su da alaƙa da juna. Masana a Jami'ar Swansea suka yi lissafin da kwamfuta. A gefe guda kuma aka sassaƙa ɗan ƙaramin samfurin motar, kashi ɗaya cikin 25 na girmanta, aka ɗaure shi a kan wani keken roka da ke gudu bisa dogo a filin gwajin makamai na Pendine da ke Wales, aka auna matsin da ke taba jikinsa. Sai da sakamakon biyun suka yi daidai da juna sannan ya yarda a ci gaba.

A nan nake so a tsaya a duba. Mutumin da ya ba da lokacinsa don ganin dama shi ne ya gindaya wa aikin sharaɗin da ya fi kowanne tsauri. Bai ce tunda taimako nake yi, a karɓi abin da ya samu ba.

Haka sauran suka taru, kowa da abin da ya iya. Glynne Bowsher, wanda ya tsara ƙafafu da ƙashin motar, ya ga cewa babu wurin da ƙafafun gaba za su juya saboda injinan, sai ya ce a mayar da sitiyari ga ƙafafun baya, abin da yawancin masana suka ce ba zai yi kyau ba a irin wannan gudu. Maimakon dogon musu, aka samo wata tsohuwar ƙaramar mota ƙirar Mini, aka yi mata ƙari a baya da ƙarafuna, aka gwada tsarin a kanta. An soma haɗa motar a Fontwell da ke kudancin Ingila, daga baya aka kai ta wata rumfa a filin jirgin sama na Farnborough. Andy Green, wanda ya karanta lissafi a Oxford kafin ya shiga soja, an zaɓe shi ne daga cikin masu nema bayan gwaje-gwaje masu tsanani. Akwai 'yan ƙalilan da aikin ya ɗauka yana biya. Sauran kuwa makanikai ne, da masu haɗa waya, da ma'aikatan sojin sama, da direbobi, da masu ritaya, waɗanda ke zuwa bayan tashi daga aiki, ko ranar hutun mako, ko su ƙone hutunsu na shekara.

Bayan waɗannan akwai wata ƙungiyar magoya baya, Mach 1 Club, mai dubban mambobi, waɗanda ke biyan kuɗin shiga, su sayi riga da hula, su zo kallon motar idan an buɗe rumfa, wasunsu kuma su tuɓe riga su kama aiki. Wani ɗan sa kai mai suna Jeremy Davey ya riƙa wallafa labarin aikin a intanet, a zamanin da intanet ɗin ke rarrafe. Abin lura shi ne ba nasarori kaɗai ake faɗa ba. Abin da ya lalace, da abin da ya gagara, da halin da aljihu ke ciki, duk ana bajewa. Ranar da aka zo tafiya Amurka a 1997 amfanin wannan ya fito. An sami katafaren jirgin dakon kaya samfurin Antonov da zai kwashi motar da kayan aiki, amma babu kuɗin mansa, kuma manyan kamfanoni sun noƙe. Aka sanar da jama'a. Mutanen da ba su taɓa ganin motar da idonsu ba, daga ƙasashe daban-daban, suka riƙa sayen man gwargwadon ƙarfinsu, wannan galan kaɗan wancan galan kaɗan, har jirgin ya tashi. A ganina ba don sun ji daɗin baki suka ba da kuɗinsu ba. Sun daɗe suna ganin ana faɗa musu gaskiya ko da ba ta da daɗi, shi ya sa ranar da aka ce babu, suka yarda babu ɗin ce.

Yanzu mu koma ga masu sunkuyo.

Injin jet yana zuƙar iska da ƙarfin da zai ɗauke duk abin da ke kwance a gabansa. Tsakuwa ɗaya, ko noti, ko guntun waya, idan ya shiga tsakanin fukafukan da ke juyawa a cikinsa, ya isa ya tarwatsa injin. Idan injin ɗaya ya mutu ɗaya na ci, motar za ta karkata nan take. Ƙafar ƙarfe kuma da ke gudun sama da kilomita 1,000 a awa, idan ta taka dutse, tamkar an harbe ta da bindiga ne. Saboda haka dole a bi duk inda motar za ta bi a tsince shi tas, da hannu, domin babu na'urar da za ta yi wannan aiki ba tare da ta farfasa ɓawon ƙasar ba. Ga wani ƙarin wahala: ƙafafun suna yanka rami a duk inda suka wuce, don haka layin da aka bi sau ɗaya ba a sake binsa. Kowane gudu da sabon layinsa, kowane layi kuma tsawonsa ya haura mil 10. A Black Rock ba duwatsu kaɗai ake tsinta ba, har da kwanson harsasai, domin sojoji sun taɓa yin atisayen harbi a yankin. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Kafin Amurka sai da suka je Jodan, wani busasshen fili da ake kira Al-Jafr a kudancin ƙasar, inda sojojin saman Jodan suka ba su masauki. Ƙasar can ta fi tauri, ta kuma fi duwatsu. A ƙarshen 1996 suka shafe makonni suna tsinta, su da sojojin da aka ba su taimako. Ba a yi wani gudun kirki ba sai ga ruwan sama a watan Nuwamba, ambaliya ta nufo filin, suka kwashe kaya a gurguje. Duk abin da aka share ya tafi. Suka dawo a watan Mayu na 1997, suka sake sunkuyawa daga farko. A wannan karo motar ta kai mil 540, sannan ta sami matsala a ƙafafun baya, zafi kuma ya yi tsanani, aka koma gida aljihu wayam. Ina iya fahimtar mutum ya yi aikin kyauta sau ɗaya cikin zumuɗi. Wanda ya ga ruwa ya shafe guminsa na makonni, ya koma gida, ya sake neman hutu a wurin aiki, ya dawo ya sake sunkuyawa a wuri ɗaya, shi ne nake ganin ya cancanci a tsaya a yi nazarinsa.

A watan Satumba na 1997 suka sauka a Nevada, suka yi sansani kusa da wani ɗan ƙauye mai suna Gerlach. Breedlove ma yana can da tasa motar, Spirit of America, wadda a shekarar da ta gabata ta kauce masa tana gudun kusan mil 675, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ƙungiyoyin biyu suka riƙa karɓa-karɓa da filin. Ranar 25 ga Satumba Green ya yi mil 714.144, ya karɓe kambun daga hannun Noble, wanda ke tsaye yana murna.

Sai ranar 13 ga Oktoba. A ranar motar ta wuce sauti, ta juyo ta sake wucewa. Amma a gudun farko lemar da ke buɗewa a baya don tsayar da ita ta ƙi aiki, motar ta zarce inda masu tarbarta ke jira da fiye da mil ɗaya. Sai da suka bi ta, suka juya ta, suka shirya ta, suka tayar da injin. Da aka duba agogo, awa ɗayar ta wuce da kimanin sakan 50. Masu auna lokaci suka ce ba ta shiga littafi ba. Direba ya yi nasa, injin ya yi nasa, lissafin Ayers ya tabbata, amma abin ya tsaya a kan lema da igiyarta da hannayen da ke juya mota. Kwana biyu bayan haka, da safe, lokacin da iska ke da sanyi kuma gudun sauti ya ɗan ragu, aka sake. Gudun farko mil 759, na biyu mil 766, duka cikin awar. Ƙarar da ta biyo baya, mai kama da faɗuwar aradu, sai da ta girgiza gine-ginen Gerlach.

Ba na so in mayar da mutanen nan waliyyai. An yi saɓani, an ɓata rai, musamman tsakanin masu tsara motar da ke son a ƙara gudu mataki-mataki ana duba sakamako, da matsin kuɗi da na yanayi da ke cewa a yi sauri kafin ruwa ya sauko. Abin da ya riƙe su, kamar yadda Noble ya sha bayyanawa daga baya, shi ne tsarin da ba shi da tsani mai tsawo: kowa an damƙa masa wani ɓangare da ikon yanke hukunci a kansa, kuma kowa ya san wa ke riƙe da me.

Wannan bai zama mini baƙon abu ba, domin haka aikin gayya yake a gonakinmu kafin ya soma ja da baya. Mai gona ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, samari su jeru, kowa ya kama kunyarsa. Babu wanda ake biya, amma babu inda malalaci zai ɓuya, domin kunyar kowa a fili take, kuma wanda ya bar tasa a baya shi zai kwashi ɗaya kunyar a gaban 'yan mata. Abin da ya rage mana yau, a yawancin ƙungiyoyinmu na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, shi ne taron ba tare da kunyoyin ba. Ba zan nuna kowa da yatsa ba sai kaina. Shekarun baya mun kafa kwamitin yashe magudanar ruwa a unguwarmu. Ranar zaɓen shugaba da mataimaki da sakatare da ma'aji, wurin ya cika har wasu na tsaye. Ranar da aka ce a fito da shebur, ba mu cika goma ba. Ni kaina na zo a makare, na ɗan taɓa, na sulale kafin azahar, ina faɗa wa zuciyata ai ba biyana ake yi ba. Da damina ta zo ruwa bai tambayi wa aka biya ba.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Waɗannan Turawa sun yi aikin sa kai ne a kan cikakken ciki. Ayers yana da abin da zai ci bayan ritaya, makanikan nan gwamnatinsu ce ta horar da su a soja, ƙasarsu tana da injinan jirgi da ta gama amfani da su, da jami'a mai babbar kwamfuta, da filin gwajin roka. Ba adalci ba ne a ce wa wanda ke neman na cefanen yau ya je ya yi wata shida yana tsintar tsakuwa a kyauta. Wani kuma zai ce, to me motar ta amfana wa duniya? Ba ta kai majinyaci asibiti ba, ba ta ɗauki buhu ɗaya zuwa kasuwa ba. Ban musa ba. Yau tana ajiye a gidan tarihin sufuri na birnin Coventry, kusa da yayarta Thrust2, 'yan makaranta na zagaya ta. Ba motar nake karewa ba. Amma maganar talauci ba ta wanke irina ba, mu da muke da albashi da hutun mako da takardun shaidar ilimi, kuma mu ne muka fi cika ɗakin taro ranar rabon muƙamai.

Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan nauyi, wato wa ke sunkuyo, wa kuma ake ambata. A 2008 Noble da Green da Ayers suka shelanta sabuwar mota, Bloodhound, mai injin jirgin yaƙin Typhoon, da nufin kai mil 1,000, suna kuma cewa babban burinsu shi ne jawo yara ga karatun kimiyya da injiniya. Filin da suka zaɓa shi ne Hakskeen Pan a lardin Northern Cape na Afirka ta Kudu. A can ba masu hutun shekara daga Ingila ne suka yi tsintar ba. Mutanen yankin ne, sama da 300, waɗanda gwamnatin lardin ta ɗauki nauyin aikinsu, suka shafe shekaru suna kwashe duwatsu da hannu har kimanin tan 16,000. Kuɗi ya ƙare wa aikin a 2018, wani ɗan kasuwa mai suna Ian Warhurst ya saye shi, a watan Nuwamba na 2019 motar ta yi gwaji a filin ta kai mil 628, daga nan ba ta sake komawa ba. Ita ma tana Coventry. Waɗanda suka share filin sun cika nasu alkawari. Tarihin da aka ce za a kafa a ƙofar gidansu ne bai zo ba.

A Amurka ma an yi wata ƙungiyar, wadda ta fi kowacce dogaro da aikin sa kai. Ed Shadle, tsohon ma'aikacin IBM, da Keith Zanghi na kamfanin Boeing, sun samo gangar jikin wani tsohon jirgin yaƙi samfurin F-104 a wurin mai sayar da tarkace a jihar Maine, suka kawo ta jihar Washington, suka cire fukafukai suka sa mata ƙafafu, suka kira ta North American Eagle. Lambar jirgin ta ƙare da 763, daidai da gudun da suke son karyawa. Kusan shekara 20 injiniyoyi da makanikai da masu ritaya suna haɗuwa a ƙarshen mako suna aiki a kanta. Shadle ya rasu a 2018 bai ga cikar burinsa ba. Ƙungiyar ta ci gaba tare da direbarta Jessi Combs, wadda ita kanta ƙwararriyar mai walda da ƙira ce, tana neman karya tarihin gudun mata da Kitty O'Neil ta kafa a 1976.

Ranar 27 ga Agusta, 2019, a hamadar Alvord ta jihar Oregon, motar ta tarwatse da ita tana tsakiyar gudu, ta rasu tana da shekara 39. A watan Yuni na 2020 kundin Guinness ya tabbatar mata da tarihin, mil 522.783 a awa. Ban ce wani ya yi sakaci ba, kuma ba ni da hurumin faɗin haka. Hamada tana da faɗi, idon ɗan Adam kuma yana da iyaka. Abin da binciken hukumar 'yan sandan yankin ya bayyana shi ne ƙafar gaba ce ta karye, kuma mafi rinjayen zato shi ne ta daki wani abu ne da ke kwance a kan filin.